"Matasa Sun Ce": Waɗanne Matasan, Kuma Wa Ya Saurare Su?

  

Jama'a masu sauraro, yau a wannan fili na faɗakarwa maganar matasa za mu yi. Da wuya mako ya wuce ba ka ji an ce a labarai "matasa sun buƙaci kaza", ko "bincike ya nuna kashi kaza na matasa ba su gamsu da kaza ba". Abin da nake so mu bi diddiginsa shi ne inda irin wannan magana take fitowa. Wa ya je ya yi tambayar? Su wa aka tambaya, a gaban wa, da wane harshe? Da aka gama kuma, ina maganar ta nufa?

Yawan matasan nan kaɗai ya isa ya sa mu damu. Kimanin rabin mutanen Najeriya ba su wuce shekara 18 zuwa 19 ba, a Nijar kuwa kusan rabin jama'a ba su haura 15 zuwa 16 ba. A zaɓen 2023 hukumar zaɓe ta INEC ta ce mutum miliyan 93 da 'yan kai ne ke cikin rajista, kuma miliyan 37 daga cikinsu 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, wato kusan kashi 40 cikin ɗari. Amma ranar zaɓen shugaban ƙasa, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajistar ba. Mutane masu ɗimbin yawa sun yi shiru ke nan, kuma wanda ya yi shiru, kowa na iya ari bakinsa ya ci masa albasa.

Ko wajen shata iyakar shekaru ma ba a taru a wuri guda ba. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ƙirgawa daga 15 zuwa 24. Yarjejeniyar matasa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a Banjul a 2006 ta ce 15 zuwa 35. Manufar matasa ta Najeriya ta 2019 ta tsaya a 15 zuwa 29. Magidanci ɗan shekara 34 mai 'ya'ya huɗu da yarinya 'yar 16 da ke shirin jarrabawar WAEC suna iya faɗawa cikin lissafi ɗaya, alhali abin da ke hana kowannensu barci daban ne.

Bari mu fara da ƙuri'ar jin ra'ayi, wadda ita ce ke haifar da alƙaluman nan na "kashi kaza cikin ɗari". Mutane da yawa suna ɗauka cewa yawan waɗanda aka tambaya shi ne ingancin bincike. Akwai wani labari daga Amurka da ya rushe wannan zato tun tuni. A 1936 wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika takardun tambaya kimanin miliyan 10 a kan zaɓen shugaban ƙasa, aka dawo mata da sama da miliyan 2. Ta buga cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt. Wani mutum kuma, George Gallup, da ya tambayi mutane kimanin 50,000 kawai, ya ce Roosevelt ne zai ci. Aka yi zaɓe, Roosevelt ya lashe jiha 46 cikin 48. Ina mujallar ta yi tuntuɓe? Yawancin sunayen da ta yi aiki da su daga kundin masu tarho da masu mota ta kwaso su, a lokacin da talauci ya yi katutu a ƙasar, sannan waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka maido da amsa. Ta ji masu hali, ta ɗauka ƙasa ta ji. Shekara biyu bayan haka mujallar ta daina fitowa.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Dawanau ya san wannan darasi ba tare da ya shiga aji ba. Ɗan kasuwa ba ya zazzage buhu duka, kuma ba ya yarda da abin da ya gani a bakin buhu. Sai ya soka ƙarfen nan mai rami a tsakiya, ya soka a gindi, ya zuba a tafin hannu ya duba. Abin da ya fito ɗan kaɗan ne, amma daga ko'ina ya fito. Matsalarmu da ra'ayin matasa ita ce galibi bakin buhun muke dubawa: ɗan birni, mai boko, mai babbar waya, mai jin Turanci, namiji.

Akwai masu yin aikin nan da ƙa'ida, kuma yana da kyau mu san yadda suke yi don mu riƙa bambancewa. Cibiyar Afrobarometer, wadda ta fara aiki a 1999, ta gudanar da bincike a ƙasashen Afirka fiye da 30, har da Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru. A Najeriya mutum kimanin 1,600 suke tattaunawa da su a zagaye guda. Ba a bar wa ma'aikaci ya zaɓi garin da ya yi masa daɗi ba. Ƙuri'a ce ke fitar da unguwa ko ƙauye daga jerin yankunan ƙidaya, kuma a kowane yanki mutum takwas ake nema. Idan ma'aikaci ya sauka, akwai wurin da zai fara tafiya, yana ƙirga gidaje yana tsallakewa bisa lissafin da aka ba shi, ko da gidan da lissafin ya faɗa a kai na can ƙarshen lungu ne bayan kwata. Ya yi sallama, a rubuta manyan da ke gidan, a sake fitar da mutum ɗaya ta hanyar ƙuri'a. In a wannan gida namiji aka tambaya, a gida na gaba mace za a nema. Kuma da harshen da mutum ya zaɓa ake magana da shi.

Wannan wahala duk don kada son ran mai tambaya ya shiga ne. Amma ko wannan tsari yana da inda ya tsaya. Daga shekara 18 zuwa sama suke tambaya, don haka ɗan shekara 16 ba ya ciki. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, ga shi garuruwa sun faɗaɗa, wasu ƙauyuka sun watse. Akwai kuma wuraren da rashin tsaro ya sa ma'aikaci ba zai iya shiga ba, a Zamfara ko Katsina ko gaɓar Tafkin Cadi, alhali matasan can ne suka fi kowa abin faɗa. Wani abin da ya burge ni a tsarin nasu shi ne tambayar da suke rufewa da ita: "Wa kake tsammani ya aiko mu?" Mutane ba kaɗan ba sukan ce gwamnati. Wanda ya zaci gwamnati ce ke rubuta maganarsa kuwa zai auna kowace kalma kafin ya furta.

Sai hanyar waya. Asusun kula da yara na UNICEF ya ƙaddamar da wani tsari mai suna U-Report a Yuganda a 2011, ya iso Najeriya a 2014. Matashi yana shiga kyauta ta saƙon kar-ta-kwana, a riƙa aiko masa gajerun tambayoyi a kan lafiya, karatu, rigakafi ko aikin yi, yana amsawa ba tare da an bayyana sunansa ba. Ɓoye sunan nan yana da amfani babba. A Laberiya a 2015 an tambayi matasa ko malamai na neman lalata da ɗalibai kafin su ba su maki. Dubbai suka amsa cikin ɗan lokaci, mafi rinjayensu suka ce eh, har maganar ta kai ga ma'aikatar ilimi. Abu ne da yarinya ba za ta taɓa miƙewa ta faɗa a taron iyaye da malamai ba.

To amma mu tambayi kanmu, a gidajenmu wayar nan a hannun wa take? A ƙauyuka da yawa waya ɗaya ce a gida, tana aljihun maigida ko babban wa. Yarinyar da aka aurar tana da shekara 17, wayar mijinta take ara. Almajiri yana iya karanta ajami tiryan-tiryan, amma tambayar da boko ta zo. Ɗan makiyayi yana dajin da babu sabis, in ma akwai sabis babu caji. Kuma wanda ya shiga tsarin, shi ya kai kansa, ba ƙuri'a ce ta fito da shi ba. Saboda haka idan aka ce matasa dubu ɗari sun amsa, gaskiya ne sun amsa, kuma maganarsu abin ji ce, sai dai ba su ne dukan matasa ba.

Kafofin sada zumunta sun fi haka rikitarwa. A Facebook da TikTok da X, wanda ya fi ɗaga murya shi ake gani, kuma mutum ɗaya na iya buɗe shafi goma. Akwai waɗanda 'yan siyasa ke saya wa data don su yi ta maimaita magana guda har ta yi kama da ra'ayin gari. Mu ma 'yan rediyo abin ya shafe mu. Filayen kiran waya, irin su Ra'ayi Riga na BBC Hausa da makamantansa a tashoshinmu na gida, sun buɗe wa talaka baki ƙwarai da gaske. Amma duk mai gabatar da irin wannan fili ya san muryoyin da ke yawan dawowa, ya kuma san cewa muryar budurwa ko matar aure ƙarama ba kasafai take shigowa ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, har yanzu muna tare a filinmu na faɗakarwa, muna duba yadda ake tattara ra'ayin matasa. Yanzu na zo inda, a ganina, ya fi shafar mu Hausawa, wato kunya da kara.

Mu ɗauka wata ma'aikaciyar lafiya ta zo wani gida tana son jin dalilin da ya sa 'yanmatan unguwa ke barin makaranta. An shimfiɗa tabarma a zaure, maigida yana zaune, an kira 'yarsa ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a sunkuye tana wasa da bakin hijabinta.

"'Yar ƙanwata, me ya sa kika daina zuwa makaranta?"

Kafin ta buɗe baki maigida ya ce, "Ai Malama, yaran yanzu ne ba sa son karatu."

Aka sake juyowa gare ta. Ta ce, "Yadda Baba ya faɗa haka ne."

Malama ta rubuta: ba ta son karatu. Da a ce an bar su su biyu a ɗakin uwarta, mai yiwuwa ta ce makarantar ba ta da bayan gida mai ƙofa, shi ya sa duk wata take rasa kwanaki, har ta ji an bar ta a baya. Ko ta ce akwai samarin da ke tare musu hanya a kwanar da ake bi. Yarinyar ba ƙarya ta yi ba, ladabi ta yi, kuma uban bai yi nufin zaluntar ta ba. Amma amsar da ta shiga takarda ba tata ba ce, kuma a kan wannan takarda za a tsara shiri a kashe kuɗi. Shi ya sa masu sanin aikin ke raba zama: 'yanmata daban da mace mai tambaya, samari daban, ba a gaban uba ko malami ko mai unguwa ba, amma da sanin iyaye da izininsu.

Yadda aka jera tambayar ma yana juya amsa. Idan ka ce wa saurayi, "Kana goyon bayan ƙoƙarin da ake yi na sama wa matasa aiki?" wa zai ce a'a? Amma ka ce, "A cikin abokanka biyar na kusa, nawa ne suka sami abin yi a bana, kuma ta wace hanya?" sai ka ji zancen da za ka iya aiki da shi. Haka idan saurayi ya hango kamar za a raba tallafi bayan tambayoyin, amsarsa za ta karkata zuwa inda yake ganin rabo.

Na san akwai dattijon da ke sauraro yana cewa a ransa: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Baba, wannan gaskiya ne a fagen da ka riga shi shiga. Amma akwai fagen da shi ne ke ciki kai ba ka ciki. Shi ya san irin ƙwayar da ke yawo a unguwa da inda ake sayar da ita. Shi ya san wanda ke zuga abokansa su bi hanyar Agadas zuwa Libiya, da abin da ake faɗa musu. Shi ya san abin da ke faruwa a aji idan malami ya fita. Jin ta bakinsa ba ya rage maka girma, kuma ba ya nufin duk abin da ya ce shi za a yi. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yakan zaunar da Abdullahi ɗan Abbas yana matashi a majalisarsa tare da dattawan da suka halarci Badar, ya nemi fahimtarsa a gabansu.

Mu ma a gargajiyance ba mu rasa hanya ba. Garuruwa da yawa suna da sarkin samari, wanda ke haɗa gayya da aikin gari, kuma ta bakinsa koken samari ke isa ga dagaci. A Nijar gwamnatin Seyni Kountché, bayan 1974, ta ɗauki wannan tsari na Samariya ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya. Samariya ta yi ayyukan gayya da yawa, sai dai da ta koma hannun hukuma, saƙo ya fi saukowa daga sama fiye da yadda yake hawa. A yau kuwa majalisar samari ta bakin titi, wadda a Damagaram da Yamai ake kira fada, ita ce inda ake faɗin gaskiya tsirara ana zagaya butar shayi. Duk mai son jin matasa da gaske, ya je can ya zauna a benci, maimakon ya kira mutum talatin otal ya ba su kuɗin mota.

To, a ce an tattara ra'ayin yadda ya kamata. Shin an ji ke nan? Nan ne aka fi yin sakaci. Sashe na 12 na yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 bai tsaya a kan 'yancin yaro ya faɗi ra'ayinsa ba, ya ce a ba ra'ayin nauyin da ya dace da shekarunsa da hankalinsa. Wata farfesa a Belfast, Laura Lundy, ta yi bayani a 2007 cewa ba wa yaro wuri da ba shi damar magana rabin aikin ne, sauran rabin shi ne a sami mai iko da zai saurara, maganar kuma ta yi tasiri. Kafin ita, Roger Hart ya nuna a 1992 cewa yawancin abin da ake kira shigar da yara cikin al'amura ado ne kawai. Mun san irinsa. A sa wa yara riguna masu tambari, a ba ɗaya jawabin da babba ya rubuta ya karanta, a tafa, a ɗauki hoto, a watse. Najeriya tana da Majalisar Matasa ta ƙasa tun 2008, zamanin Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua, akwai kuma majalisun yara a jihohi. Ko su zama masu amfani ko su zama jeka-na-yi-ka, ya danganta ne da wanda ya zaɓo 'yan majalisar da kuma ko akwai wanda ya wajaba ya amsa musu.

Akwai lokacin da abin ya yi aiki, kuma ya kamata matasanmu su san labarin. A 2016 wasu ƙungiyoyin matasa, ƙarƙashin jagorancin YIAGA, suka fara fafutukar Not Too Young To Run don a rage shekarun tsayawa takara. Buƙata ɗaya suka riƙe, a rubuce. Suka sami masu ɗaukar nauyin ƙudurin, Tony Nwulu a Majalisar Wakilai da Abdul'aziz Nyako a Majalisar Dattawa. Da yake gyaran tsarin mulki ne, sai da suka bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, don ana buƙatar amincewar aƙalla 24 cikin 36. Ranar 31 ga Mayu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu. Shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. A 2023 Rukayat Shittu ta ci kujerar majalisar jihar Kwara tana da shekara 26. Ƙofar ba ta buɗe gaba ɗaya ba, tunda a 2022 jam'iyyar APC ta sa fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na Majalisar Wakilai miliyan 10. Amma an nemi abu, an bi shi, an samu.

Mun kuma ga abin da ke biyo baya idan koke ya daɗe ba amsa. Shekaru matasa suka yi suna kuka da rundunar SARS kafin zanga-zangar Oktoban 2020 ta sa aka rushe ta. A Agustan 2024 zanga-zangar tsadar rayuwa ta fi zafi a nan Arewa, an rasa rayuka, an yi asarar dukiya a Kano da Kaduna da wasu garuruwa. Ranar 1 ga Nuwamba na shekarar aka gurfanar da wasu yara da aka kama a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, kafin daga baya shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Duk wanda ya ga hotunan yaran nan ya san ba su ne ake gayyata taron jin ra'ayi ba. Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna cewa sai da suka faɗi a kotu ƙasa ta waiwaye su.

Don haka ina kira ga wanda ke riƙe da wani abu, komai ƙanƙantarsa: shugaban makaranta, mai unguwa, kansila, limami, shugabar Islamiyya, har da uba a gidansa. Idan ka tara matasa ka tambaye su, ka sa musu ranar da za ka dawo da amsa, kuma ka dawo. Ka ce musu, kun nemi abu uku. Fitilar kwanar makaranta an gyara. Filin ƙwallo mun kai maganar ƙaramar hukuma, ga kwafin takardar. Na ukun ba zai yiwu ba, ga dalili. Matashi yana iya haƙura da "a'a" mai dalili. Abin da ke kashe masa gwiwa shi ne a tambaye shi sau uku bai ga komai ba, a karo na huɗu ko ka kira ba zai zo ba.

Ku kuma samari da 'yanmata, idan mai bincike ya zo, kuna da damar ku tambaye shi wa ya aiko shi, me za a yi da amsar, kuma ko za a rubuta sunanku. Kuna da damar ku ƙi amsawa. In kun amsa, ku faɗi abin da kuka sani, ba abin da kuke zaton ana so a ji ba. In kuma ƙungiyarku za ta kai koke, ku fara zagayawa wajen waɗanda ba sa zuwa taronku, masu tura baro da 'yan tsangaya da 'yanmatan da ke talla, ku ji nasu kafin ku rubuta takarda da sunan matasan unguwa.